Lidiya Maginiya da Dajin Cikin Gilashi

A ƙauyukan da ke kewaye da Tafoki, in mace ta ce randarta ginin Lidiya ce, ba a ƙara tambayarta ko tana sanyi. An san hannun Lidiya: baki a zagaye kamar an auna, ciki sumul, jiki ja wur, in ka ƙwanƙwasa ta amsa maka da ƙara mai zaƙi.

An haife ta a wani gidan noma da ke gefen Tafoki, irin gidajen nan da rumbuna suka fi ɗakuna yawa. Kakanta ya mutu a kan al'adar kakanninsa, ubanta ne ya fara zuwa coci. Uwarsu, wadda suke kira Inna, maginiyar tukwane ce, kuma 'ya'ya mata biyu Allah ya bar mata: Lidiya da ƙanwarta Esther, shekara uku tsakaninsu. Lidiya tana da shekara tara ta gina tukunyar da ta fito daga matoya, wato wurin gashin tukwane, ba tsaga. Esther kuwa har ta yi goma sha biyu ba ta iya daidaita bakin kasko ba. In an ba ta yumɓu sai ta koma gindin rumbu ta ƙera saniya mai ƙaho ɗaya, ko kwaɗo mai buɗaɗɗen baki. Inna takan ɗaga tukunyar Lidiya ta juya ta, ta ce, "Ta yi," ta ajiye. Amma in ta ga kwaɗon Esther sai ta yi dariya har ta share hawaye, ta kira maƙwabta su zo su gani. Lidiya dai sai ta ƙara goge tukwanenta da 'ya'yan kuka har suna ɗaukar ido.

Ta auri Mati, wani manomi mai sanyin hali daga ƙasar Sabuwa, ta tare da sana'arta. Shekara talatin da ɗoriya tana gini a can. Roba ta zo, ta kashe kasuwar tulu, tukunyar ƙarfe ta kashe ta miya, amma randa ba ta mutu ba, don ba a samu robar da ke sanyaya ruwa ba. Ta haifi Samuel da ƙannensa, ta aurar da su, duk da yumɓu a ƙarƙashin farcenta. Esther kuma aure ya kai ta cikin garin Ƙanƙara, tana suyar ƙosai da safe, da rana ta ƙera kaskon turare da 'yan shanun wasa na yara. In sun haɗu wurin biki Lidiya takan tambaye ta, "Har yanzu kina wasan ƙasar?" Esther ta ce, "Har yanzu, Yaya," tana dariya.

Da zama ya gagara a ƙauye saboda 'yan bindiga, aka shiga kwana a gona ana tashi da fargaba, Mati ya ɗaure kayansu suka nufo Ƙanƙara. Mijin Esther ya ba su ɗaki a zauren baya. Nan Lidiya ta ɗanɗana abin da ba ta taɓa zato ba, wato ƙanwarta ta zuba tuwo ta miƙo mata. Esther ba ta taɓa nuna mata fuska ba, kuma wannan ma ya fi ci mata rai. Kafin wata biyu ta gano inda ake haƙar yumɓu mai kyau a bayan gari, ta share wuri a tsakar gida, ta fara gini. Randunanta suka fara fita, matan unguwa suka fara cewa, "Gidan Maman Samuel mai randa," maimakon gidan mai ƙosai. Ta ɗan samu sauƙin zuciya.

Wata Talata da hantsi wani dattijo ya yi sallama a ƙofar gida. Alhaji Ɗanliti ne, tsohon ma'aikacin gandun daji, dogo, ya ɗan ranƙwafa, yana dogara sanda. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Bayan gaisuwa ya ce maginiya yake nema.

"Ga ta gabanka, Alhaji," in ji Lidiya. "Randa ce ko tulu?"

"Ba ko ɗaya. Gaɓar rafi nike so a gina mini."

Ya yi mata bayani a hankali. Shekara talatin ya yi yana yawon daji, kuma akwai wani kwari can yamma da Pauwa inda ruwa ke tsattsafowa daga jikin gaɓa, ya gangaro ta cikin saiwoyi, ya taru a wani ɗan gurbi. Nan yake sallar azahar in aiki ya kai shi. Yanzu dajin ba ya shiguwa, ƙafa ma ta ƙi. Ɗiyarsa da ke karatu a Zariya ta sa an haɗa masa wani akwatin gilashi, tsawonsa ya kai ƙirjin mutum, faɗinsa ya kai gado, ta aiko da ɗan famfo mai aiki da sola wanda zai riƙa ɗaga ruwa ta cikin tiyo. Yana da hawainiya biyu da ya karɓe daga hannun masu jifa, da wasu ƙananan kwaɗi. Abin da ya rage shi ne bangon baya, na yumɓu, inda ruwan zai biyo.

Lidiya ta bi shi gida ta ga akwatin, ta auna da igiya. Kwana tara ta yi a kan aikin. Ta gina faifai huɗu na yumɓu da za su haɗu su zama bango, ta ja hanyar ruwa a tsakiya miƙaƙƙiya, ta yi matakala uku daidai wa daida, ta shafe da jar ƙasa, ta goge har mutum na ganin inuwarsa. Ba ta taɓa yin aikin da ya kai shi tsafta ba.

Alhaji Ɗanliti ya zo ya tsaya a kai ya daɗe. Ya shafa da tafin hannu.

"Maman Samuel, hannunki hannu ne," ya ce. "Amma wanga bangon ɗakin amarya ne. Hawainiya ina za ta kama? Kwaɗo ina zai ɓuya?"

"To, Alhaji, ai ba ka ce a yi maka mummuna ba."

Idonsa ya riga ya tafi wani wuri. A gindin katanga akwai tarin ragowar yumɓun da Lidiya ta yar, Esther ta tattara tana wasa da shi in ta gama suya. Ta danna ɓawon itacen marke a jiki ya bar zane, ta cusa busassun saiwoyi, ta ƙwaƙule ramuka da yatsa, gefe ɗaya ya zubo kamar ruwa ya ci shi. Tsohon ya tafi ya durƙusa a gabansa da ƙyar.

"Wa ya yi wannan?"

Esther ta fito daga madafi tana goge hannu a zane. "Ni ce, Baba. Wasa ne kawai."

"Kin taɓa zuwa kwarin da nike faɗi?"

"A'a. Amma akwai irinsa bayan gidanmu na Tafoki, inda muke wanki."

"To ke za ki yi mini."

Ya sayi faya-fayan Lidiya duk da haka, ya ce zai jingina su a zaurensa don kyau. Wannan kirkin nasa ya fi mari zafi. Ranar ba ta taɓa tuwon ba. Mati ya tambaye ta ko jikin ne, ta ce kanta ke ciwo.

Mako uku Esther tana zuwa gidan Alhaji da zarar ta sauke kaskon ƙosai. Ta dawo da la'asar, yumɓu har gira, bakinta bai rufuwa: yau Baba ya sa an kawo gansakuka daga gindin rijiya, yau sun dasa ciyayi a ramuka, yau ya ba ta labarin damon da ya taɓa bin sa. Lidiya tana zaune tana dakan tsingaro, fasassun tukwanen da take haɗawa da yumɓu, tana ji. Kowace "Baba ya ce" tana sauka a ƙirjinta. Shekara arba'in tana durƙuso a gaban wuta, ba wanda ya taɓa zama ya ba ta labari tana aiki.

Wata rana Esther ta kawo curin haɗinta ta ajiye a gaban yayarta. Yumɓu ne da ƙasar suri da ƙaiƙayi, irin haɗin yaɓen ɗaki. A cikin akwatin take ginawa kai tsaye, ba tare da an gasa ba.

"Yaya, duba mini. Zai riƙe kuwa?"

Lidiya ta murza shi tsakanin yatsu biyu, nan take ta san amsar. A gefe, inda danshi kawai zai taɓa, zai zauna shekaru. Amma inda ruwa zai bi yana gudu dare da rana, ɗanyen yumɓu ba ya kai wata. Kowace maginiya ta san haka tun tana goye. Ta mayar mata da curin.

"Mi za ni ce? Ke ce maginiyar Alhaji."

Esther ta dube ta kaɗan, ta ɗauki abinta.

Ranar da aka kunna famfon, Alhaji ya aiko musamman a kira Maman Samuel. Ta so ta ƙi, Mati ya ce bai kamata ba. Ta tarar da rumfar gidan cike da mutane, malaman makaranta biyu, maƙwabta, matasa sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Ta kutsa ta tsaya gaban gilashin da niyyar neman aibi, sai ta manta da niyyar. Gaɓar bayan gidansu ce. Ga saiwoyin da suke rataya wanki, ga inda ƙasa ta zube ta bar kogo, ga ruwa yana fitowa daga sama siriri, ya ɓace bayan wani dutse, ya sake ɓullowa a ƙasa ya faɗa gurbi da ɗan sauti. Hawainiya ɗaya ta riƙe saiwa tana juya ido. Har ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana fitowa ta ragar sama. Kewar gida ta kama Lidiya, haɗe da wani abu mai ɗaci. Ita ma ta yi wanki a wannan gaɓar, ta ma fi Esther yi, amma ba ta taɓa kallonta ba.

Wani malami ya tambaye ta, "Hajiya, ke ce yayar mai aikin? Lallai kun yi sa'ar ƙanwa."

Ta ce, "Mun gode Allah." Idonta kuwa yana kan ƙasan dutsen, inda yumɓun ya riga ya yi duhu ya fara sheƙi, ruwan gurbin kuma ya ɗan yi ja. Alhaji yana gefenta. Kalma biyu za ta faɗa a kashe famfon. Ta gyara mayafinta ta yi sallama.

Kwana goma sha ɗaya bangon ya yi. Ranar sha biyu da safe, Esther na kan suya, aka aiko daga gidan Alhaji cewa ta zo maza. Lidiya ta bi bayanta ba tare da an kira ta ba. Tsakiyar bangon ya sulɓe gaba ɗaya ya cika gurbin, famfon ya shaƙe da laka ya tsaya. Alhaji Ɗanliti yana zaune a kujera da tsumma a cinyarsa, a kan tsumman hawainiya ce, wadda ya tono daga ƙarƙashin laka. Ƙaramar ce, wadda ya yi wata biyu yana jinyar ƙafarta.

A daƙiƙar farko, abin da Lidiya ta ji daɗi ne. Ba ta taɓa ɓoye wa kanta wannan ba daga baya. Ya taso mata kamar an yaye mata wani nauyi. Sai ta ga yadda tsohon yake share lakar daga idon dabbar da gefen babban yatsa, a hankali, kamar za ta ji zafi. Daɗin ya gushe, ta kawar da kai.

Esther ta durƙusa. "Baba, ka yafe mini. Rashin sani ne."

"Tashi, ɗiyata. Gaɓar gaske ma tana zubewa. Ni ne na yi gaggawar sa su ciki."

A hanyar komawa, da suka wuce masu sayar da itace, sai Esther ta tsaya.

"Yaya, kin sani."

"Na san mi?"

"Ranar da na kawo maki curin nan. Na ga fuskarki. Na ce a raina, in da matsala Yaya za ta faɗa, ko don Inna."

Lidiya ta buɗe baki ta ce ai ba a tambaye ta da kyau ba, sai ta ji maganar ba ta da ƙafa. Esther ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ni ban taɓa cewa na fi ki ba. Ko sau ɗaya," ta wuce gaba.

Kwana uku gidan ba daɗi. Esther na zuba tuwo ta aiko da shi maimakon ta kawo. Mati, wanda bai cika magana ba, ya zauna kusa da matarsa tana tankaɗen tsingaro, ya ce, "Mutanen nan sun ba mu ɗaki lokacin da ba mu da ko tabarma." Ta ce ta sani. Ya ce, "To," ya tashi ya ɗauki fartanyarsa.

Rana ta huɗu Lidiya ta jiƙa yumɓu, ta zuba dakakken tsingaro fiye da yadda take sa wa randa, ta tattake shi da ƙafa har ya yi laushi. Ta ɗauki curi babba ta kai ƙofar madafi ta dire.

"Hanyar ruwan da gurbin sai an gasa," ta ce, ba ta kalli ƙanwarta ba. "Sauran ki bar shi ɗanye, ciyawa ta samu wurin kamawa. Ki ƙera su gunduwa-gunduwa, kowace ta hau kan ta ƙasa kamar jinka. Kar ki yi kauri ya wuce yatsa biyu, in ba haka ba wuta za ta fasa."

Esther ta daɗe tana kallon curin. "Ni ban iya gashi ba."

"Wa ya ce ke za ki gasa?"

Haka suka zauna a tabarma ɗaya, abin da rabonsu da yi tun suna 'yan mata. Esther na ƙerawa, tana danna ɓawo da tsakuwa, Lidiya na karɓa tana rarake bayan kowace gunduwa don ta bushe daidai. Sau biyu hannunta ya zarce ya fara shafe gaban, Esther ta ce, "Yaya, kin fara," ta janye hannun tana tsaki. Ba ta nemi gafara da baki ba, Esther kuma ba ta nemi ta yi ba. Suka shanya su a inuwa kwana goma. A gashin farko, biyu cikin gunduwa bakwai suka fashe. Lidiya ta tsaya kan tokar tana huci kamar an zage ta, ta sake haɗi, ta rage wutar farko, ta yi ta ƙara kara kaɗan-kaɗan tun azahar har rana ta yi sanyi. A gashi na biyu suka fito lafiya, baƙi-baƙi da ja, ba mai cewa ba dutse ba ne.

Ita ta jera su a cikin akwatin da hannunta, ta cika gurbin da ruwa, ta hana a kunna famfo sai da ya kwana uku bai ragu ba. Sannan Esther ta rufe gefunan da ɗanyen yumɓu da gansakuka, har ba a ganin inda gasasshe ya ƙare. Alhaji ya jira wata guda cur kafin ya mayar da hawainiyar da ta rage. Ruwan ya tsaya garau.

Yau shekara biyu ke nan bangon yana tsaye. Ciyayin sun rufe rabinsa, kwaɗin sun hayayyafa har Alhaji na kwasar wasu yana kaiwa fadama. Malamai na kawo ɗalibai su gani. Kuma duk garin, in ana maganarsa, cewa ake yi "dajin Esther". Alhaji Ɗanliti kaɗai ke gyara wa mutane, yana cewa aikin mutum biyu ne, amma ba mai riƙe wannan. Wani mai asibitin dabbobi daga Faskari ya zo neman irinsa, ya tsaya a ƙofar gida ya tambayi Esther, alhali Lidiya ce ta amsa sallamar. Ta shiga ta kira ta, ta koma kan randarta, tana jin su. Da ta ji Esther ta ce, "Sai dai in da yayata, ni kaɗai ba ya tsayawa," ba ta ɗago ba, amma ta san ranar da za su tafi, ta riga ta jiƙa yumɓu.

Zafin bai bar ta ba. Takan faɗa wa matan zumunta a coci cewa ta yi addu'a a kansa, yana raguwa, ya dawo. Akwai ranar da gidan ba kowa, ta ɗebi yumɓu ta gwada gina gaɓa ita kaɗai, da ɓawon marke da saiwoyi da komai. Da ta ja baya ta duba, ramukan sun jeru a layi, tazararsu ɗaya. Ta dunƙule shi ta mayar cikin kwatarniya kafin Esther ta dawo daga kasuwa.

Ita da Mati sun kama ɗaki biyu nasu yanzu a bayan tasha, tana gina randa huɗu a mako in jiki ya yarda. Duk ranar Asabar takan bi ta gidan Alhaji, wai don ta duba ko famfo ya toshe. In ta tarar da baƙi suna yaba saiwoyi da kogunan Esther, takan tsaya a bayansu, sannan ta matso ta ƙwanƙwasa gilashin da farce daidai gurbin.

"Ku dubi ruwan," takan ce. "Kun ga laka a ciki?"